Allurar Gyambon Ciki: Darasin Da Ke Cikin Janye Ranitidine

Ran 1 ga watan Afrilu na shekarar 2020, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta nemi kamfanoni su janye maganin nan ranitidine daga kasuwa, na haɗiya da na allura baki ɗaya. A cikin wannan wata kuma hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a dakatar da shi. Dalili shi ne wani sinadari mai suna NDMA da aka gano a cikinsa a 2019, wanda ake kyautata zaton yana haddasa sankara. Sinadarin yakan ƙaru idan magani ya daɗe a ajiye, balle a wuri mai zafi. Wannan kuwa abin lura ne ga ƙasa irin Nijeriya, inda kwalaben allura kan kwana su wuni a kantunan da babu sanyi.

Ba ƙaramin magani aka janye ba. Kamfanin Glaxo ne ya fito da shi a 1981 da sunan Zantac, bayan cimetidine da ya riga shi fitowa a Ingila a 1976, har ya zama kan gaba wajen ciniki a duniya. Aikinsu guda ne, wato rage ruwan tsamin da tumbi ke fitarwa, domin gyambo ya samu sararin warkewa. Bayan janyewar, likitoci sun koma ga irin su famotidine da omeprazole da pantoprazole, waɗanda su ma akwai allurarsu.

To, amma canjin magani bai canja ƙa'ida ba. An tanadi allurar ne domin majinyacin da ke kwance a asibiti, wanda amai ya hana shi haɗiya, ko gyambonsa ke zubar da jini, ko ake shirin yi masa tiyata. Da zarar ya iya haɗiya, sai a mayar da shi kan ƙwaya. Ra'ayin da ya yi jijiya a zukatan jama'a, wai allura ta fi ƙwaya ƙarfi, shi ke kai ma'aikacin da ƙwannafi ya dama a ofis ko ɗalibin da ke fama da jarrabawa wurin mai kemis, alhali lasinsa bai ba shi ikon yin allura ba.

Hatsarin a fili yake. Idan aka tura cimetidine cikin jijiya da gaggawa, bugun zuciya na iya rikicewa, jini ya faɗi, shi ya sa ake tura ta sannu a hankali ko a haɗa da ƙarin ruwa. Mai ciwon ƙoda sai an rage masa adadi. Tana kuma ƙara ƙarfin wasu magunguna a jiki, kamar warfarin na tsinka jini da phenytoin na farfaɗiya. Sirinjin da aka maimaita kuwa hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau. Mafi muni, sauƙin da allurar ke kawowa na iya lulluɓe alamun sankarar tumbi har lokaci ya ƙure.

Bugu da ƙari, rage tsami ba ya tumɓuke tushen cutar. A 1982 likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, aikin da ya jawo musu lambar Nobel a 2005. Ita da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin da diclofenac su ne ke haddasa galibin gyambon ciki. Kawar da ita sai da gwaji da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14.

Saboda haka wajibi ne hukumomin lafiya su tsananta bincike a kantuna domin kwashe tsofaffin kwalaben da aka janye, su kuma hukunta masu allurar bayan fage. Wanda ya ga baƙin bayan gida, ko ya yi aman jini, ko yake ramewa ba dalili, ya nufi asibiti nan take. Rigakafi dai ya fi magani.