Kiwon Lafiya: Zazzaɓin Ƙwarƙwata

A wannan wata za mu duba wata cuta da likitoci ke kira taifus. Kada a haɗa ta da taifod, wadda gurɓataccen ruwa da abinci ke kawowa. Ita taifus ƙwarƙwatar tufafi ce ke yaɗa ta, wadda ke ɓuya tana ƙwai a cikin ɗinkin riga da wando.

Abin mamaki, ba cizon ne ke sa cutar ba. Ƙwarƙwata ta sha jinin marar lafiya, ƙwayar cutar ta yi yawa a cikinta, sai ta riƙa fitar da ita a kashinta. Wanda ta ciza ya ji ƙaiƙayi ya yi susa, shi ke nan da hannunsa ya cusa kashin cikin rauni. Kuma ƙwarƙwata ba ta son jiki mai zafi. Zazzaɓi na tashi sai ta koma kan na kusa. Wani likita Bafaranshe, Charles Nicolle, shi ya gano a Tunis a 1909 cewa ƙwarƙwata ce ke yaɗa cutar. Ya lura cewa majiyyata na daina harbin mutane da zarar an yi musu wanka an sake musu tufafi.

Bayan mako ɗaya zuwa biyu sai zazzaɓi mai tsanani, da ciwon kai, da ƙuraje, wani har hankalinsa ya gushe. A Burundi, lokacin yaƙin basasa, cutar ta ɓulla a kurkukun Ngozi a 1995, kafin 1997 ta ƙare ta kama mutum fiye da 40,000, galibinsu a sansanonin gudun hijira. Can suna kiranta sutama, wato tsugunno, saboda ciwon ƙafa kan hana mutum miƙewa.

To me ya sa har yanzu ake tsoronta, ga shi maganin doksisaikilin na warkar da ita? Domin wanda ya warke, ƙwayar na iya kwanciya a jikinsa shekara da shekaru, ta farfaɗo in tsufa ko yunwa sun raunana shi. In a lokacin yana cikin cunkoso, ga sanyi, ba ruwa ba sabulu, mutum ɗaya ya isa ya tayar da annoba. Shi ya sa nake ganin duk mai kula da kurkuku, ko sansani, ko ɗakin kwanan yara, ya dubi tufafi kafin hunturu. A tafasa su da mayafai, a shanya a rana, a bi ɗinkin da dutsen guga mai zafi, domin wankin ruwan sanyi ba ya kashe ƙwan.