Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Majalisar Dokokin Ƙasa, Alhaji Cavayé Yéguié Djibril

Cité Verte, Yawunde
Fabrairu, 2025

Ranka ya daɗe,

Ni haifaffen Briqueterie ne, yanzu ina zaune a Cité Verte. Ina yaro aka ɗora ka a kan kujerar nan a 1992, ga shi yau ni ma ina da 'ya'ya a makaranta. Na tuna yadda dattawan unguwarmu suka yi ta alfahari a ƙofar masallaci cewa ɗan Arewa, daga Mada ta Tokombere, shi ke jan ragamar majalisa. Da wannan girmamawar nake maka magana, kamar ɗa da uba.

Kujerarka tana da aikin da ya wuce buɗe zama da rufe shi. Kai ke ba ɗan majalisa damar magana, kai ke karɓe ta. Kai ke jagorantar taron shugabanni da ke tsara abin da za a tattauna, kuma abin da bai shiga jadawali ba, ko gobara ce, zauren ba zai ji ƙaurinsa ba. Majalisa mai wakilai 180 da ke zama sau uku kacal a shekara, a Maris da Yuni da Nuwamba, kwana talatin-talatin, ba ta da ranar da za ta zubar.

To, ina ƙudurorin da 'yan majalisa ke rubutawa da hannunsu? Tsarin mulkin 1996 ya ba su wannan dama. Har ya tanadi cewa ƙudurin da ya tsallake zama biyu a jere ba a duba shi ba, dole a duba shi a zama na gaba. Amma abin da muke gani a talabijin kullum shi ne minista ya kawo, a tafa, a wuce. Mai tsire a bakin titin Briqueterie ya san haka, shi ya sa ranar zaɓen 'yan majalisa ba ya kashe wutarsa don ya je layi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Disamba 2016, ranar da ɗan majalisa Joseph Wirba ya miƙe ya faɗi halin da yankunan masu magana da Ingilishi ke ciki. A Nuwamba 2017 wakilan jam'iyyar SDF sai da suka cika zauren da waƙa don neman a yi muhawara kan rikicin. Da an saurare su da wuri, da wataƙila ba mu ga iyalan da suka baro Bamenda suka cunkushe a ɗaki guda a nan Yawunde ba. Haka ma mutanen Kolofata da Amchide, a Mayo-Sava ɗinka, da Boko Haram ta raba da gonakinsu. Su ma suna da haƙƙin a ware musu yini guda, a kira ministoci su amsa tambaya a gaban jama'a.

Jam'iyyarka ta RDPC ta samu kujeru 152 a zaɓen 2020. Mai irin wannan rinjaye ba abin da muhawara za ta rage masa. An kuma ƙara muku wa'adi zuwa Maris 2026 ba tare da an koma wurin masu ƙuri'a ba, kuma tun Nuwamba 2024 kuna da sabon ginin da ƙasar Sin ta gina a Ngoa-Ekelle. Waɗannan duka bashi ne a wuyan majalisa.

Ranka ya daɗe, zaman Maris ya ƙarato. Ina roƙonka ka sa ƙudurin ɗan majalisa ko da guda ɗaya a jadawali, ko daga wace jam'iyya ya fito, a karanta shi, a yi gardama a kansa, a kaɗa masa ƙuri'a. Ka kuma bar mai magana ya kai ƙarshen zancensa.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Naka,
Wani ɗan Briqueterie mazaunin Cité Verte