Kafin Ka Sayi Doki, Tanadi Turke

Makon jiya ɗan ƙanwata ya zo mini da wata takarda a hannu, ya ce, "Kawu, duba mini wannan kafin in tafi Ikeja." Shekara biyu ke nan yaron yana tara kuɗi don ya haɗa kwamfutar wasanni ta garari, kuma ya yi niyyar saye a kasuwar Computer Village ta Legas. Da na duba sai na ga ya rubuta katin hoto mafi tsada, amma akwatin wuta ya zaɓi na gwanjo mara suna, allon kallo kuwa ya ce tsohon na ɗakinsa ya isa. To, abin da na faɗa masa shi zan faɗa wa duk mai irin wannan buri.

Da farko dai a fara da allon kallo, domin shi ke yanke hukuncin irin katin da ya dace. Allon da ake kira 1080p yana da ɗigon haske kamar miliyan 2, na 1440p miliyan 3.7, na 4K kuwa miliyan 8.3. Katin hoto shi ke zana waɗannan ɗigo sau da yawa cikin kowace daƙiƙa, saboda haka wanda ya sayi babban kati ya jona shi da tsohon allo, ya biya kuɗin abin da idonsa ba zai gani ba. Kamfanin Nvidia ya fito da RTX 5090 a watan Janairu na 2025, mai ma'ajiya gigabait 32, ya kuma fito da RTX 5080 mai gigabait 16. Ga mai allon 1440p, na biyun ya isa har da saura.

Sa'an nan sai ƙwaƙwalwar na'ura da babban faifan da ake kafa ta a kai, watau madabod. Waɗannan tare ake zaɓensu, gama kowace ƙwaƙwalwa da irin gurbinta. Ryzen 7 9800X3D ta kamfanin AMD, wadda ta fito a Nuwamba 2024, ta yi suna wajen wasanni, kuma gurbin AM5 take shiga. Ta Intel ba za ta zauna a wurin ba ko da an yi mata dole. Har wa yau faifan AM5 ba ya karɓar RAM sai irin DDR5, don haka kada ɗan kasuwa ya lallashe ka da ragowar DDR4 wai don araha. Gigabait 32 na RAM ya wadatar. Rumbun ajiya kuma a nemi SSD na terabait 2, tun da yake wasa guda a yau yakan haura gigabait 100.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, watau wuta. RTX 5080 kaɗai yana iya jan wat 360, kuma masu ƙera shi sun ba da shawarar akwatin wuta na wat 850. Shi ko 5090 wat 575 yake ja, akwatinsa na wat 1,000. Wannan akwati shi ne ke ciyar da kowane sashe, in ya lalace yakan tafi da waɗansu. Araha ba ta ado. A nemi na kamfani sananne mai shaidar 80 Plus Gold da garanti a rubuce. A kuma tura kan wayar katin har ya shige sarai, domin a ƙarshen 2022 an sami rahotannin narkewar kan waya a RTX 4090, kamfanin kuma ya danganta abin da rashin tura shi har ƙarshe.

Mu da muke zaune a ƙasar nan mun san halin wutarmu: ta tafi ba sallama, ta dawo da ƙarfi. Don haka kuɗin sitabilaiza da UPS yana cikin kuɗin kwamfuta, a sa shi cikin lissafi tun daga farko. A lura kuma, UPS da aka rubuta wa VA 1,000 sau da yawa wat 600 kawai yake bayarwa. Bugu da ƙari ga zafin bazara da ƙurar hunturu, saboda haka a zaɓi gidan kwamfuta mai shan iska da rariyar tace ƙura, a auna tsawon katin a tabbata zai shiga.

Game da katin gwanjo, a yi hattara. Da Ethereum ta daina dogaro da masu haƙa a Satumba 2022, katunan da suka yi aiki dare da rana sun kwararo kasuwa. Kada a biya sai an kunna an gwada a gaban ido.

Da na gama, yaron ya yi shiru, ya soke babban katin, ya rubuta na ƙasa da shi, ya ƙara allo da akwatin wuta na kirki. Ya ce, "Kawu, ashe da na yi asara." Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.