Masu begen faifan garmaho da waƙar da ta rasa suna

Wata gardama ta taso daga Turai da Amurka, ta biyo jaridun Faransanci da tashoshin talabijin, har ta iso zaurukan ƴan boko na Yamai da Maraɗi da Damagaram. Gardamar kuwa ita ce: da faifan garmaho wanda allura ke bi tana fitar da sauti, da waƙar dijital da ke cikin salula ko kwamfuta, wanne ya fi? Masu goyon bayan faifai suna cewa sautinsa yana da ɗumi, yana da rai, wai shi ne sauraro na gaskiya, saura kuwa hayaniya ce ta masu gaggawa. Har hujjar kasuwa suke kawowa: a Amurka, cikin shekarar 2022, an sayar da faya-fayen garmaho miliyan 41, na CD kuwa miliyan 33. To, madalla da Amurkawa. Abin mamaki shi ne a ga malamin makaranta a ƙasar Nijar ya rungumi wannan bege, yana faɗa wa ɗalibansa cewa sun ɓata kunnuwansu da salula, alhali shi kansa kaset ce ta raine shi.

Gaskiyar da ake tsallakewa ita ce faifan garmaho bai taɓa zama kayan talaka a wannan ƙasa ba. Daga Faransa ko Najeriya ake kawo shi, kuma inda yake sauka sananne ne: gidan babban ma'aikaci, gidan attajiri, gidan rawa, gidan radiyo. Manomin Tasawa ko na Madawa bai san Ma'azu Ɗan Alalo ko Ɗan Gurmu ta bakin allura ba. Ya san su a ƙofar fada, a filin biki, ko ta akwatin radiyo. Abin da ya kai Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace kowace rumfa da kowace tasha shi ne kaset, wadda kamfanin Philips ya fito da ita a 1963, ta cika kasuwannin nan cikin shekarun 1970 da 1980. Batir kaɗan ya ishe ta, tana shiga aljihu, kuma mai ita yana iya ɗaukar murya da kansa. Faifai kuwa ɗan gata ne. Zafin watan Afrilu yana lanƙwasa shi in an bar shi a mota ko kusa da rufin kwano, ƙurar hunturu tana cika masa layuka har allura ta dinga tsalle. Wanda ke begen zamanin faifai a Nijar yana begen abin da kakansa bai mallaka ba.

Akwai kuma ɓarnar da faifan ya yi wa waƙar Hausa, wadda masu yabonsa ba su cika ambata ba. Tsohon faifai mai juyi 78 a minti ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 3 ko 4 a kowace fuska. Babban faifan da kamfanin Columbia ya fitar a 1948, mai juyi 33, yana kaiwa wajen minti 20. Makaɗin fada ko na maza kuwa ba da agogo yake aiki ba. Yana jan waƙa gwargwadon taro, yana ƙara ɗiya idan wani babba ya shigo, yana komawa gindi sau nawa ya ga dama, ƴan amshi na biye. Faifai ya tilasta a datse wannan, a zaɓi abin da zai shiga fuska ɗaya. Kaset mai minti 60 ko 90 ce ta fara mayar wa waƙa da numfashinta, dijital kuma ta cire iyakar gaba ɗaya.

Maganar ɗumin sauti fa? Faifan CD, wanda ya fito a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, abin da ya isa ya kama duk ƙarar da kunnen ɗan Adam ke iya ji. Wani ɓangare na abin da ake kira ɗumi ɗan gurɓacewa ne da gogar allura ke haifarwa, wanda kunne ya saba da shi har ya so shi. Ba laifi mutum ya so shi, kamar yadda wani ke son ƙanzon tuwo, amma kada a ce ƙanzo shi ne tuwon. Inda masu faifai suke da gaskiya shi ne waƙar da aka matse, aka tura ta WhatsApp sau goma, aka kunna ta a ƙaramar lasifikar salula: a nan amon tambari da na ganga yana ɓacewa, sai kaifin murya ya rage. Sai dai laifin na matsewa ne da na lasifika. A sa waƙar da ba a matse ba a lasifika mai kyau, tambari zai dawo.

Wani labari ya isa ya kwantar da wannan gardama. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara waƙoƙi daga katunan salular matasa a Kidal ta ƙasar Mali, kamfaninsa na Sahel Sounds ya buga su a faifan garmaho a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones. Cikinsu har da waƙar Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka bazu daga salula zuwa salula ta Bluetooth ba tare da wani kamfani ba. Wato abin da masu tara faifai a Turai suka ɗora wa allura suna gyaɗa kai, MP3 ne da ya sha yawo a aljihun samari. Yawancin sababbin faya-fayen yau ma daga kwamfuta ake yanko su. Kuma guda ɗaya a kantin Faris yana cin jikka 15 zuwa 20, kafin a zo ga kuɗin na'urar.

Amma kada masu salula su yi saurin guɗa, domin akwai abin da faifai ya fi su da shi, kuma ba a cikin layukansa yake ba. A kwalinsa yake. A shekarun 1960, Tolia Nikiprowetzky ya zagaya Nijar yana ɗaukar kaɗe-kaɗe, kamfanin Ocora na Faransa ya buga su, har da faifan da aka yi wa laƙabi da La musique des griots. Irin waɗannan faya-faye suna zuwa da rubutu da hotuna: yankin da aka yi ɗaukar, sunan kayan kiɗa, dalilin kiɗan. Ba su rasa aibu ba, don wasu kwalayen na Turawa sun fi kula da sunan ƙabila bisa sunan mutum. Duk da haka akwai abin karantawa. A buɗe katin salular ɗalibi yau a ga yadda mai tura waƙoƙi a kasuwa ya jera su: lambobi, ko “tsohuwar waƙa”, ko sunan Shata a kan waƙar da ba tasa ba, don sunan ya fi ja. Makaɗin da ya rasa suna ya rasa haƙƙi, domin ofishin BNDA ba zai biya lamba ba, kuma ya rasa gurbi a tarihi. Shi kansa Kirkley, aikin da ya fi cin lokacinsa shi ne neman masu waƙoƙin don a rubuta sunansu a kuma ba su rabonsu.

Wannan ciwo ya girmi salula. Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na organ a gidan radiyon ƙasa a 1978, aka fitar da kaset ƴan kaɗan. Shekara da shekaru ana sa kiɗan tsakanin shirye-shiryen radiyo da talabijin, dubban ƴan Nijar suna iya bin sa da baki, kaɗan ne suka san mai shi. Sai a 2013, da aka sake buga shi a Amurka, sunansa ya zagaya duniya. Wasu za su ce ga ƙarfin faifai nan. A'a, wani ne ya zauna ya tambaya wa ya yi, yaushe, a ina, ya rubuta. Abin kunyar shi ne sai da baƙo ya zo aka yi tambayar.

Masu cewa komai yana intanet su ma su rage murya. Abin da wani ya ɗora shi ne ke intanet. Muryoyin da Muryar Sahel ta ɗauka tun kafin a haifi malaman yau, da na cibiyoyin bincike irin su IRSH da CELHTO a Yamai, a kan zaren maganaɗisu aka ɗauke su, kuma zare yana tsufa, na'urorin karanta shi an daina ƙera su. UNESCO ta yi gargaɗi a 2019 cewa wajen 2025 samun irin waɗannan na'urori masu aiki zai yi wuya. Shekarar ta zo. Ga kuma kasusuwan da ke cikin akwatunan gidaje a Gaya da Magariya da Birnin Ƙonni: bikin wane, kokowar shekara kaza, wa'azin malam wane, kiɗan farauta da mai yin sa ya rasu bai bar magaji ba. Babu kamfanin Turai da zai buga waɗannan a faifai, don ba mai saye.

Dijital ce kaɗai za ta cece su, kuma aikin bai fi ƙarfin ƙungiyar al'adu ta gari ko malamin Hausa mai aji ɗaya ba. Radiyo mai kaset da ke aiki, waya mai haɗa ta da kwamfuta, da littafi. A juya kaset ba tare da matsewa ba, a ajiye kofi a wuri biyu. Sannan a tura ɗalibai wajen mai kaset ɗin da tambayoyin da kwalin faifai ke amsawa: wane ne makaɗin, su wa ke amshi, da wane kayan kiɗa, wa aka yi wa, a wane gari, zamanin wane sarki. Zaren yana iya jira shekara biyar ko goma in an adana shi a inuwa. Tsohon da ya san amsar, wanda ya halarci bikin, shi ya kamata a fara zuwa wajensa.