Ƙashin baya ba na maɗori ba ne

Ƴan uwa mata, in mutum ya faɗo daga amalanke ko kabu-kabu, baya ya riƙe, ƙafafu suka mutu, don Allah kar mu zaunar da shi, kar mu bari a ja shi. Lakar da ke cikin ƙashin in ta tsinke, ba ta ɗoruwa. A kwantar da shi miƙe bisa ƙyaure, daga Kalfu sai asibitin Tawa, a ɗauki hoto.

Wata karayar, kwanciya da ɗamara mai tauri sun isa. Wata kuwa sai Yamai, a kafe ƙashin da kusoshi da sandunan ƙarfe. To, kuɗin motar fa? Ranar zubi mai zuwa mu tsaida nawa za mu ƙara cikin asusun taimako.