Sa Ido da Bin Sawu a Ƙasar Kajuru

Tun daga watan Oktoba na 2018, lokacin da rikicin Kasuwan Magani ya ci rayuka 55 bisa ƙidayar 'yan sanda, aka kuma sace Agom Adara, Maiwada Galadima, a hanyar Kaciya aka kashe shi bayan 'yan kwanaki, har zuwa Maris na 2024 da aka kwashe jama'a masu yawa daga Buda da Tashar Kajuru cikin mako guda, akwai tambayar da mutanen wannan ƙasa ba su daina yi ba, wadda kuma muke ganin wajibi ne hukuma ta amsa: yaya aka yi ɓarayin daji suka san wanda ya sayar da citta jiya da ƙofar da yake kwana, alhali hukuma ba ta san hanyar da suke bi su shigo ba?

Amsar ba ɓoyayya ba ce. Su waɗannan azzalumai ba sa fāɗa wa gari sai sun yi kwana da kwanaki suna lura da shi, ta hannun infoma da suke zaune cikin jama'a, suna ƙidaya masu gadi, suna sanin sa'ar da motar jami'an tsaro take juyawa. Wato sana'ar da ta kamaci mai bincike, ta haƙuri da zura ido, ita ce mai laifi ya riƙe, mai binciken kuwa ya sake ta.

Tsakanin ƙarshen Agusta da ƙarshen Satumba na 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi, aka hana hawan babur, aka rufe kasuwannin mako har da na Kajuru, aka haramta sayar da fetur a jarka. Ba mu musun kyakkyawar niyyar da ke cikin wannan mataki, amma ma'anarsa ita ce, da aka kasa gane mutum ɗaya mai kai wa daji guzuri, sai aka ɗora wa dubban talakawa hukuncinsa. Ga shi kuwa mutumin nan ba aljani ba ne. Yana zuwa kasuwa da rana tsaka, ya sayi burodin da ya fi ƙarfin gidansa, da katin waya, da magani, da mai, ya ɗaure a bayan babur ya saki kwalta ya bi burtali. Kuma da akwai jami'i cikin farin kaya wanda ya zauna kusa da mai shayi kasuwa uku a jere, ya rubuta abin da idonsa ya gani da ranarsa da sa'arsa, da an san shi, an san wanda yake miƙa wa kayan. Haka nan maharba da makiyaya na wannan yanki, Adara da Fulani baki ɗaya, suna iya duban ƙasa bayan an ɗauke ruwa su faɗi babur nawa ya wuce, ko da kaya ko babu, da inda ya nufa. Ilmi ne da babu na'urar da ta gaje shi, amma sau da yawa sai an gama jana'iza ake tunawa da masu shi.

Rashin wannan aiki yana da wata illa da ta fi ɓoyuwa, domin inda babu shaidar ido, zato ne yake zama alƙali. Bayan kashe-kashen Fabrairu na 2019 an kama dattawan Adara aka tsare su fiye da wata uku, daga bisani kotu ta sallame su saboda ba a sami hujjar da za a tuhume su da ita ba. Fulani ma suna da nasu kukan, na samarin da ake kamawa don kamanni kawai. Kowane kamu irin wannan yana rufe bakin mutum ɗari da a dā za su iya kawo labari.

Mun san akwai masu tsoron cewa sa ido ƙofa ce ta tajassusi, kuma tsoronsu yana da asali, domin Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 kuma ya kare hurumin gida da na magana. Sai dai malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan mas'ala: Mawardi, a cikin Ahkamus Sultaniyya, ya halatta wa muhtasibi, wato jami'in hisba, bincike idan amintacce ya ba shi labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar kisan kai, ya kuma hana shi abin da bai kai haka ba. Surar nan dai ita ce ta umarci a tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi. Saboda haka sharuɗɗan a fili suke: a sami dalili tabbatacce, babban jami'i ya ba da izini a rubuce, a iyakance kwanaki, kada kuma a juya idon ga ɗan jarida ko abokin hamayyar siyasa.

Idon nan kuma ya wajaba ya waiwayi cikin gida. Ƙorafin da muke ji daga ƙauyuka shi ne mutum ya kai rahoto da safe, kafin dare labarin ya isa daji da sunansa. Muna kira ga Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Kaduna da rundunar 'yan sandan jihar su ware jami'an farin kaya masu jin Adara da Fulatanci da Hausa, su zaunar da su a Kasuwan Magani da Kufana da Maro na tsawon shekaru maimakon makonni, su kuma sa wani sashe dabam, wanda ba ya ƙarƙashin ofishin yanki, ya riƙa bin sawun duk rahoton da ya fita daga hannun hukuma har a gano bakin da ya fitar da shi, a gurfanar da mai shi gaban alƙali.