Gargaɗin da bai kamata a toshe ba

GCC, manhajar da ke juya rubutun mai tsara manhaja zuwa harshen kwamfuta, tana iya yin gargaɗi idan wani sashen aiki ya karɓi bayani amma bai taɓa shi ba. Wasu kan kashe gargaɗin ɗungurungum don su huta. Wannan ganganci ne.

Gaskiya ne, wani lokaci tsarin da aka gada ke tilasta karɓar bayanin. To, sai a yi wa wurin alama shi kaɗai don a kashe gargaɗin a nan. Don haka harshen C++ ya zo da alamar maybe_unused a 2017. Sauran wurare kuwa a bar gargaɗin, domin yakan tona inda aka manta da lissafi ko aka rubuta sunan da ba shi ba. Ya kamata malaman kwamfuta su koya wa ɗalibai wannan tun daga farko.